Hancin Babana a Fim ɗin Indiya

Ƙarar janareta ce ta jawo mini wannan wahala. Akwai wata rumfa a bakin kasuwar Wurno inda ake cajin waya, ake kuma tura wa mutane fim, kuma ta gabanta nake bi in zan tafi masallacin Juma'a. Ran nan ina wucewa sai injin ya yi tari, ya shaƙe kamar zai mutu, ya sake kamawa, warin fetur ya bugi hancina. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya tambaye ni ko gadon titin na ci. Ni kuwa a lokacin ba ni Wurno. Ina ƙauyenmu na wajen Dinawa, ina ɗan yaro zaune a turɓaya gaban bangon gidan mai gari, injin majigi yana irin wannan tarin a bayana.

Kafin in kai ku can, bari in faɗa muku halin da nake ciki, kada ku ji a gari cewa tsoho ya lalace da kallon fim ku yarda ba ku ji ta bakina ba. Idona ne ke tafiya. Na hagu ya riga ya yi sallama, bai ma jira rakiya ba. Na dama kuma yana ɗaure kaya. Likitan ido a Sakkwato ya ce ba yana ba ce balle a kankare, hawan jini ne na ido, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce sauri kawai zai rage mishi. Daga gefe ganin yake cinyewa yana matsowa tsakiya, yanzu duniya awa mai leƙenta ta bakin gora nake ganinta. Na tambaye shi yaushe bakin goran zai toshe. Ya ce wannan sanin Allah ne, amma in akwai abin da nake son gani, kada in ce sai bayan girbi.

Akwai kuwa. Fuskar ubana nake son gani.

Kada ku yi saurin tausaya mini, ba a ciki ya mutu ya bar ni ba. Na yi wayo yana raye, gari ɗaya, unguwa ɗaya, har na isa kora jaki fadama ni kaɗai. Abin da ya faru shi ne ni ɗan fari ne. A wurinmu a wancan zamani ɗan fari ba na iyayenshi ba ne. Ana yaye ni anka kai ni ɗakin Kaka, uwar mahaifina, can na tashi. Baba ba ya faɗin sunana, ba ya kallona, ni ma ba ni ɗaga kai in yana wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar gida. In yana da saƙo gare ni, bango yake faɗa wa. Sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya ya ce a gaya wa yaron can ya kai jaki rafi, ni kuwa ina tsugune dab da ƙafarshi, bangon bai taɓa isar da saƙon ba amma jaki na zuwa rafi.

Don haka in ƙafafunshi kuke tambaya, ni malami ne. Na san fason da ke dugaduganshi, wanda ke buɗewa da rani har Kaka ta aika mishi da man kaɗe. Na san babban yatsan dama da farcen ya rabe biyu. Na san warinshi, laka da albasa da ɗan hayaƙi. Da rani, in ruwan Rima ya ja baya ya bar fadama, can yake wuni a jigo. Tun daga nesa za ka ji itacen yana kuka, guga ta nutse, ta taso, ruwa ya bi ta tsakanin fangalin albasa yana sheƙi. Ni ina zaune a inuwar jaki ina kallon inuwarshi tana sunkuyawa tana miƙewa a ƙasa. In ya tashi tafiya gida, sai in tarar da guntun rake a kan dutsen da nake zama, an fere shi tsaf. Ban taɓa ganin hannun da ke ajiyewa ba, shi ma bai taɓa ganin bakin da ke sha ba.

To, wani rani sai ga mutanen gwamnati da akwati mai ƙafa uku. Sunka ce hoton noman albasa za su ɗauka don a koya wa wasu garuruwa, mai gari ya nuna musu jigon Baba. Munka manta da zancen. Sai da shekara ta juyo motar majigi ta shigo, anka yi shela. Bayan magariba gari duka ya zube gaban bangon mai gari, maza a gaba, mata can baya a tsaye, mu yara a ƙasa. Anka fara da fim na wanke hannu, wanda anka nuna ƙuda ya kai girman ɗan akuya har wata tsohuwa ta yi salati ta koma gida. Sannan mai bayani ya ce a lasifika yanzu ga albasa.

Na ga fadamarmu. Na ga jigo. Na ga ƙafa, na gane yatsan nan. Hoton ya fara hawa sama, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙirji, sai wani ya ce ga wane nan, kuma kafin in ankara duk wanda ke kusa da ni ya bar kallon bango ya juyo yana kallona, a ga ko ɗan fari zai kalli ubanshi. Na sunkuyar da kai. Na ji an kwashe da dariya, wai Baba ya yi murmushi, mutumin da ba a san shi da fara'a ba. Na ji hasken fuskarshi a bisa ƙeyata, wallahi na ji shi. Ina nan ina ƙirga yatsun ƙafata har dariyar ta lafa. Da na ɗago, jakinmu ne ya cika bango. Shi kam na kalle shi son raina. Har gobe in kuna son fuskar jakin nan ku kawo gawayi in zana muku.

Kaka ta ji labari ta yi ta sa mini albarka. Ta dama mini fura da nono mai kauri, ta ce yau ta tabbata ta yi reno. Da damina ta tsaya Baba ya kwanta da zazzaɓi, gero bai fitar da kai ba anka kai shi kushewa. Ba a bari yara su ga gawa.

Na rayu da wannan ba tare da ya dame ni ba, ko kuma in ce na ajiye shi awa tsohuwar garma a bayan rumbu. Sai da likita ya yi maganar girbi, janareta kuma ya yi tarinshi, na ji ba ni iya haƙuri. Waɗanda sunka yi dariya a daren nan ƙasa ta cinye su, saura wani taubashina guda a Rabah. Na hau mota na same shi. Ya yi dogon tunani, ya ce ai kawu dogo ne, baƙi. Na ce mishi Allah ya saka, ya kwatanta mini rabin ƙasar Sakkwato.

Daga nan na nufi mai rumfar cajin nan. Ni karatuna aji uku ne da ɗan abin da na tsinta a yaƙi da jahilci, a tunanina duk fim ɗin duniya rumbu ɗaya ake zuba su, mai waya kawai ya zura hannu. Na ce mishi ina son na albasa, baƙi da fari, mai jigo da jaki. Ya danne dariyarshi don yana da ladabi, ya yi ta latse-latse, ya ce Baba wanga fim in ma yana duniya bai iso waya ba. Da ya ga na ƙi tashi sai ya ce bari ya zuba mini tsofaffi, wataƙila a dace. Tsofaffin sunka ƙare ya shiga zuba sababbi. Ni kuma waya ita ce abu guda da ke shiga bakin gorana daidai, in na kawo ta kusa da hanci. Haka na zama ɗan kallo da furfura.

Tunda na sha wahalar, bari in ba ku hukuncina, kyauta.

Na kaboyi su na fara gani, tsofaffi ƙwarai. Mutanen kirki ne ta wajen rashin surutu, amma ba su da tausayin dabba. Doki zai wuni yana gudu a ƙasar da ko ƙaya babu, ban ga an ba shi ruwa ba balle harawa, kuma in an iso gari mai dokin ne ke shiga shan abu, dokin a ɗaure a rana. Na 'yan Sin kuma akwai tarbiyya a ciki. Tsoho mai gira har haɓa ya sa almajirinshi ɗibar ruwa zuwa kan dutse shekara da shekaru kafin ya koya mishi naushi ɗaya, wannan na yarda da shi. Inda munka raba hanya shi ne gudun da suke yi a kan rufin ɗakunan mutane, ba mai tambayar wa zai gyara kafin damina. Na Amurka sababbi ban gane musu ba. Mutum zai ceci duniya duka, amma ya shiga gidan maƙwabci ta taga ba sallama, kuma motocin da ake farfasawa a fim ɗaya sun isa su kwashe albasar Wurno da ta Goronyo zuwa Kudu. Akwai na ban tsoro, inda Bature zai ji motsi a ɗakin ƙasa, maimakon ya tara maƙwabta ko ya kira liman, sai ya ɗauki 'yar tocila ya sauka shi kaɗai yana tambayar wane ne. Duk abin da ya same shi ni ban yi mishi jaje ba.

Na Indiya su ne sunka fi cin rana. Ashe Indiyawa sun iya Hausa yanzu, sai dai ta Kano sunka koya. Ruwan sama zai sauko, irin wanda in ya sauka a gonakin Marnona an yi geron shekara biyu, su kuwa rawa za su fita yi a ciki. Namu na Hausa kuma kowa a gidan bene yake, kowa a falo, ba mai zuwa gona, talakan ciki ma rigarshi da guga.

Ina wannan ba'ar ne don in samu in numfasa. Gaskiyar magana, abin da ya tsaya mini a duk finafinan nan, na da da na yanzu, na gabas da na yamma, abu ɗaya ne: fuska. Sai a kawo fuskar mutum ta cika waya, ka ga ramin hancinshi, ka ga ƙwalla tana taruwa kafin ta faɗo. Ɗa zai tsaya gaban ubanshi ido cikin ido, ya yi mishi tsawa, ya rungume shi, ya riƙe kumatunshi yana kuka. Da farko tsaki nake yi. Daga baya sai na ga ina mayar da wurin baya ina sake kallo, in matata, tsohuwar gidana, ta shigo in yi maza in ce rashin kunyarsu nake nazari.

Ana cikin haka ƙanwata ta zo daga Goronyo duba ni. Ita ce autarmu, yanzu tsohuwa ce mai jikoki, tana suyar kifi a kusa da madatsar ruwa. Abin da anka hana ni ita anka ba ta duka. A cinyar Baba ta tashi, tana jan gemunshi, tana cusa mishi yatsa a baki. Ta same ni a zaure da waya a hanci, ta ce ita an ce mata makanta ke damuna, ashe ƙuruciya ce ta dawo. Ta leƙo ta kafaɗata don ta ƙara samun abin tsiya, lokacin kuwa mugun mutumin da ke cikin wani fim ɗin Indiya ne ke magana, mai satar filayen talakawa. Sai ta ƙara matsowa. Ta ce, “Yaya, tsaya. Wanga hancin Baba na.”

Na jawo wayar har ta taɓa hancina. Dogon hanci ne mai ɗan tudu a tsakiya, a fuskar ɓarawon fili. Na kalle shi har idona ya yi ruwa. A ranar na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na roƙe ta kada ta koma Goronyo. Na ce tunda hanci ya samu, sauran ma suna nan warwatse a duniya, ta zauna mu tsinto su kafin gorana ya toshe. Ta aika wa surukarta ta riƙe kaskon kifi, ta zauna.

Munka shiga aiki awa masu tsintar gyaɗa bayan an cire. Da hantsi, lokacin da haske ya fi mini daɗi, sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, kanmu biyu a haɗe bisa waya ɗaya. In ta ce tsaya, in tsayar, in kai wa mai rumfa ya cire mini hoton wurin ya ajiye daban. Goshi munka samu a wurin wani tsohon malamin faɗa na 'yan Sin. Kunnuwa a wurin mai gadin wani gidan bene a fim ɗin Hausa, mutumin da ko magana ba a ba shi ba, ƙofa kawai yake buɗewa. Gemu a wurin wani matuƙin jirgin ruwa da guguwa ta cinye tun farkon fim. Tafiya kuwa ta ce ta wani kaboyi ce sak, ban musa ba, don tafiyar na san ta daga gwiwa zuwa ƙasa. Tsohuwar gidana ta ce in anka gama haɗa wanga mutum kada a shigo mata da shi gida.

In na kwanta da rana sai in rufe ido in yi ta jera su, goshin Sin a sama, hancin Indiya a tsakiya, kunnen mai gadi a gefe. Ba su zama wuri ɗaya. Ina kama hanci goshi ya zame. Kuma ido da baki sun ƙi samuwa, alhali murmushin nan da gari ya yi wa dariya shi nake nema. Kullum in na farka sai in tarar bakin goran ya ƙara tsukewa. Da fuskar mutum duka nake gani a waya, sai ya zamana sai na zagaya da ita, ido ɗaya tukuna, sannan ɗayan. Na daina zuwa majalisa. Na fara yi wa ƙanwata faɗa in ta yi gyangyaɗi. Har na ban tsoron nan na tilasta ta kallo ko idon yana can, ta rufe fuska da mayafi ta ce ubanmu bai yi kama da abin da ke fitowa daga rijiya ba.

Sai ranar da mai rumfa ya yi kuskure ya sake zuba mini fim ɗin Indiyan nan na farko. Ni na gane shi tun daga kiɗan buɗewa, ita ba ta gane ba. Na ce a raina bari mu sake gaisawa da hancin. Ɓarawon fili ya fito, ya yi maganarshi, ya cika waya da hanci. Ba ta ce komai ba, goro take tauna. Can sai ga wani ɗan sanda mai faffaɗan hanci awa an taka shi, ta dafa hannuna ta ce, Yaya tsaya, ga hancin Baba.

Na tsayar. Na nemo hoton farko na nuna mata, na nuna mata na biyu. Na ce ta faɗa mini, don girman Allah, ubanmu hanci nawa gare shi.

Ta cire goron daga baki ta riƙe a hannu.

“Yaya, ban fi shekara biyar ba da ya rasu,” in ji ta. “Warin gemunshi na sani, da ƙaiƙayinshi a kumatuna. Ranar farko wallahi wani abu ya motsa mini, ban san ko hanci ba ne ko yadda mutumin ya karkata kai. Sai na ga yadda ka kafa mishi ido. Mi kake so in ce maka bayan nan? In ce babu?”

Na ce to goshin fa, da kunnuwan. Ta ce kunnuwan mai gadi dai na mutumin kirki ne, ta ga sun dace.

Na so in yi fushi, na nemi fushin ban same shi ba. Tsohuwa ta bar sana'arta ta zauna tana ƙera mini uba daga tarkacen duniya don kada in shiga duhu hannu wofi. Munka zauna, ɗan sandan yana daskare a waya da bakinshi buɗe. Washegari ta ɗaure kayanta, na raka ta tasha ina riƙe da gefen mayafinta, don yanzu gefen hanya ba ya shiga idona. Da motar Goronyo za ta tashi ta leƙo ta ce in riƙe hancin farkon, ya fi kyau.

Na dawo na kife wayar. Kwanaki ban taɓa ta ba, ban kuma iya cin abin kirki ba. Ina zaune ina jin bakin goran yana matsowa, ba abin da zan saka a ciki. Tsohuwar gidana ta gaji da ganina haka. Ta ajiye mini kunu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ni baya, yadda take yi in za ta faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinta. Ta ce na tashi hankalin gari ina neman fuskar wanda ke ƙasa, to wancan da ke tsugunawa a ƙofar zaure kullum da safe, mi na sani a tashi fuskar?

Ɗanmu na fari take nufi. Ba ta faɗi sunanshi ba, ba ta taɓa faɗi ba, ni ma haka. Yadda anka yi mini haka na yi mishi, ban rage komai ba. Uwata ta rene shi. Yanzu magidanci ne, yana fataucin albasa, har ya aurar da ɗiya. Kullum da safe zai zo ya tsuguna daga waje ya gaida ni yana kallon ƙasa, ni kuma in amsa wa bango. Na zauna na nemi fuskarshi a kaina. Na samu hula, na samu takalmi, na samu murya. Ƙannenshi duka ina iya ganinsu ko na rufe ido. Shi babu.

Da safe ya zo, ya tsuguna, ya fara jero gaisuwa. Na ce ya shigo. Ya yi tsammanin da wani nake, ya waiwaya. Na ce shi nake nufi, ya matso. Ya matso kaɗan. Na ce ya ƙara. Ya zo har gwiwarshi ta taɓa tabarma, ya ɗauka wasiyya zan yi.

Na ce, “Ɗaga kanka.”

Ya ce, “Baba, wani laifi na yi?”

Na ce ba laifi, likita ne ya ce in riƙa motsa idon. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini, amma ba ni da wata hanya. Ya ɗaga kai ya kafa wa hulata ido, ni kuma na kafa wa kunnenshi. Tsofaffi biyu muna zufa da sanyin safiya. Da wani Ba'indiye ya leƙo ya gan mu da ya nemi a mayar mishi da kuɗin kallo. Na ga in na biye wa kunya haka za mu wuni, sai na yi bismilla na kama kanshi da hannu biyu na jawo shi kusa da hancina, yadda nake yi wa waya. Na fara zagayawa da shi. Haɓa tukuna. Furfura ce a gemun, da yawa, ba wanda ya gaya mini. Baki, yana rawa. Ido ɗaya, a rufe gam, ruwa na fitowa ta gefe. Da na hau sama sai na ci karo da tabo a girar dama, tsoho, ya raba gashin biyu.

Na tambaye shi wa ya yi mishi wannan.

Ya ce, “Ranar da na faɗo daga kan amalanke ina yaro. Kai ka goya ni har asibitin Wurno, Baba.”

Na tuna ranar. Na tuna nauyinshi a bayana, da jininshi mai ɗumi yana bin wuyana, da gudun da na yi ba takalmi. Na tuna na miƙa shi ga ma'aikacin asibiti na juya na fita waje, don kada a ce na nuna damuwa a kan ɗan fari. Ban taɓa sanin a ina ciwon yake ba sai yau.

Jikokina na yanzu suna hawa cinyar ubansu, na fari da na ƙarshe, suna ɗaukar hotonshi yana barci da baki buɗe suna dariya. Da ina cewa duniya ta lalace. Yanzu ban san mi zan ce ba. Kunyar nan ba banza ba ce, ita ta riƙe gidajenmu, kuma na san raken da ake ajiye mini a kan dutse ba ƙaramin so ba ne. Amma ni ne na biya kuɗinta, kuma ban tuna an tambaye ni ba.

Baba dai ya tafi da fuskarshi, na haƙura, ko in ce ana haƙurtar da ni. Wanga kuwa da na sake shi ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, ya rasa inda zai sa idonshi, ya tambayi bango ko akwai aike. Na ce akwai. A gaya wa yaron can gobe kada ya zo da sassafe, ya bari sai hantsi in haske ya yi ƙarfi. Ban gama da gefen hagun fuskarshi ba.